Gyaran Sitiyari da Ƙafafun Gaba na Tsohuwar Tarakta

Gabatarwa

Ya kai manomi, da kai malamin gona, idan taraktar da ke hannunka ta fara yawo a kan hanya, kana juya sitiyari dama da hagu kafin ta bi layi, ko kuwa tayoyin gaba suna karkarwa da zarar ka ƙara gudu, to lokacin gyaran gabanta ya yi. Yawancin masu tarakta sun fi kula da inji, domin idan inji ya ƙi tashi aiki ya tsaya nan take. Sitiyari kuwa a hankali yake lalacewa, direba yana sabawa da shi kullum, har ranar da zai sauko gangara da tirela cike da buhunan masara, sandar sitiyari ta fice daga mazauninta. A wannan hali birki kaɗai ba ya ceton mutum.

Bayanin da ke tafe an gina shi ne a kan Massey Ferguson 135, wadda aka fara ƙerawa a 1964, mai injin dizal na Perkins mai silinda uku. An ƙera da yawa daga cikinsu a masana'antar Banner Lane da ke birnin Coventry a Ingila, wadda ta daina ƙera tarakta a 2002. Har yanzu ana samun kayan gyaranta a kasuwa, akasari ƙirar Indiya da Turkiyya da Pakistan. Wanda ke da Massey Ferguson 35, ko Steyr irin wadda aka riƙa haɗawa a Bauchi, ko Fiat irin wadda aka haɗa a Kano, zai ga cewa tsarin aikin kusan ɗaya ne, sai dai awon kowace tarakta yana cikin littafinta.

Lokacin da ya dace da wannan aiki shi ne rani, bayan an gama jigilar amfanin gona. Wanda ya bari sai ruwan farko ya sauka zai tarar kanikawa sun cika da aiki, kaya sun yi tsada, ga manoma suna jiran haro a ƙofar gidansa.

Ka fara sanin irin gaban da taraktarka take da shi

Ƙarfen da ya gitta gaban tarakta, wanda tayoyin gaba biyu suke rataye a jikinsa, shi ake kira aksul. Yana lilo a kan wani kakkauran fin da ke tsakiyarsa, domin taya ɗaya ta hau kunya ɗaya tana cikin kwari ba tare da taraktar ta karkace ba. A kowane gefen aksul akwai bututu a tsaye, a cikinsa kuma akwai sandar da taya take juyawa a kanta, wadda kanikawa suke kira kimfin. Bushi biyu ne suke riƙe da kimfin, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, sannan a gindinsa akwai wani boris mai faɗi wanda shi ne yake ɗauke da nauyin gaban taraktar. A saman kimfin akwai ɗan hannun ƙarfe, shi ne sandar sitiyari take turawa ko ta jawo.

Ita 135 iri biyu ce. Ta farko aksul ɗinta ya lanƙwaso baya, tana da sandar sitiyari biyu, ɗaya ta kowane gefen inji, kowace taya da tata, kamar yadda 35 take. Tana kuma da sandunan tokare guda biyu da suka taho daga aksul zuwa wajen matakin ƙafa. Ta baya-bayan nan aksul ɗinta miƙaƙƙe ne. Kayan ɗaya ba sa shiga ɗaya. Saboda haka kada ka aiki yaro kasuwa da sunan tarakta kawai. Ka ba shi tsohon ƙarfen ya tafi da shi, tare da lambar jikin taraktar.

Binciken inda girgiɗi yake

Wannan shi ne sashen da ya fi kowanne muhimmanci, kuma shi aka fi tsallakewa. Kuskuren da aka saba yi shi ne, da an ji sitiyari yana wasa sai a tafi kai tsaye ga akwatin sitiyari a ɗaure shi tamau. Sau da yawa akwatin ba shi da laifi. Wasan da kake ji a hannunka tarin ƙananan girgiɗi ne daga wurare shida ko bakwai, kowanne ya ba da nasa kaɗan. Ɗauka cewa hannun kimfin tsawonsa santimita 15 ne, mahaɗin sandar da ke bakinsa kuma yana girgiɗi na milimita 2. Kafin wannan ya isa bakin taya mai lamba 6.00-16 ya zama kusan milimita 5. Ka ƙara da na ɗaya mahaɗin, da na bushi, da na boris, za ka ga dalilin da ya sa taya take zaɓar hanyarta da kanta.

Mutum biyu ake bukata. Ka tsayar da taraktar a wuri mai tauri kuma shimfiɗaɗɗe, ka kashe inji, ka zare makulli. Abokin aikinka ya hau ya riƙa kaɗa sitiyari dama da hagu a hankali, iyakar inda taya za ta fara motsi. Idan sitiyari yana tafiyar da ta wuce faɗin yatsu huɗu taya ba ta motsa ba, akwai aiki a gabanka. Kai kuma ka bi sandunan ɗaya bayan ɗaya, ka dafa tafin hannunka a kan kowane mahaɗi. Hannu yana jin abin da ido ba ya gani: mahaɗin da ya cinye za ka ji yana ɗan tsalle kafin ya tura abin da ke gabansa. Ka dubi hannun da ke saman kimfin da kyau. Idan hannun ya motsa kimfin bai motsa ba, to ɗan makullin ƙarfen da ke tsakaninsu ya cinye, ko kuwa notin da ke matse hannun ya saki. Tsatsa ja kamar garin barkono a bakin wani mahaɗi alama ce cewa ƙarfe yana gugar ƙarfe a wurin.

Bayan wannan sai a ɗaga gaban taraktar. Ka sa giya, ka ɗaure birki, ka tokare tayoyin baya gaba da baya. Ka sa jak a ƙarƙashin ƙarfen da ke ɗauke da aksul, yadda aksul zai rataya ba nauyi a kansa, sannan ka jera katakai masu kauri a ƙarƙashi taraktar ta zauna a kansu. Kada ka dogara da jak kaɗai, kada kuma ka yi amfani da bulon siminti, domin yana fashewa ba tare da ya ba da sanarwa ba.

Yanzu ka kama taya sama da ƙasa ka girgiza. Idan taya ce kaɗai take motsi a kan sandarta, boris ɗin cikin hab ne ya saki. Idan kuwa ka ga kimfin ɗin kansa yana motsi a cikin bututunsa, bushi sun cinye. Ka sa doguwar sandar ƙarfe a ƙarƙashin taya ka ɗaga: idan kimfin yana hawa da sauka, boris ɗin gindinsa ya mutu ko an ɗaure hannun sama da rata. Daga nan ka kama ƙarshen aksul ka tura shi gaba ka jawo shi baya. Aikinsa lilo sama da ƙasa ne kawai, saboda haka duk motsin gaba da baya yana nuna fin ɗin tsakiya da bushinsa sun cinye, ko kuwa, a mai sanda biyu, ƙwallon da ke ƙarshen sandar tokare ya yi sako-sako a mazauninsa. Ka rubuta duk abin da ka gano a takarda kafin ka sayi ko da washa ɗaya.

Kwancewa

Ka wanke gaban taraktar da kananzir da buroshi tun ana gobe za a fara aiki, ka ɗiga baƙin mai a kan kowane noti ya kwana yana sha. Ka lura cewa notocin wannan tarakta da awon inci aka yi su. Noti mai awon 11/16 na inci ya fi sifana mai lamba 17 girma, bai kuma kai 18 ba, wanda ya tilasta masa 18 zai murje kafaɗunsa ya bar wa kansa wahala. Ka nemi sifanun inci ko da aro ne.

Gefe ɗaya za ka kwance ka gama shi kafin ka taɓa ɗayan, domin wanda bai kwance ba ya zame maka abin dubawa idan ka rikice. Kimfin na dama da na hagu ba ɗaya ba ne, ka sa musu alama da fenti.

Kan mahaɗin sanda tsukakke ne, yana cije raminsa ko bayan an cire noti. Kada ka doki zaren da guduma, zai buɗe kamar naman kaza, noti ba zai ƙara shiga ba. Ka sassauta notin ka bar shi a bakin zare, ka tokara babbar guduma a gefe ɗaya na idon da mahaɗin ya shiga, ka doki ɗaya gefen da wata gudumar da ƙarfi. Bugu biyu ko uku zai saki. Kafin ka warware mahaɗi daga jikin sanda, ka ƙirga zagaye nawa ya yi kafin ya fita, ka rubuta, domin sabon ya shiga daidai wannan adadi. A wasu sandunan zaren gefe ɗaya na hagu ne, ka duba kafin ka sa ƙarfi.

Idan ka cire hannun sama da ɗan makullinsa, kimfin zai zame ƙasa da nauyinsa, don haka a sa wani ya tare shi.

Kimfin da bushinsa

Ka wanke kimfin ka shafa yatsa a inda bushi suke zama. Idan farcenka ya ji gaɓa, ko wurin ya rame fiye da sauran jikin sandar, sabon bushi ba zai yi magani ba, cikin 'yan makonni girgiɗi zai dawo. Sai dai a sayi sabon kimfin. Akwai masu cika wurin da walda su kai wa mai injin sassaƙar ƙarfe ya daidaita. Ba mu ba da wannan shawara ba a kan ƙarfen da ran mutum ya rataya a kansa, domin zafin walda yana canja ƙarfin ƙarfe, kuma karyewar kimfin ba ta zuwa sai taraktar tana ɗauke da kaya. Haka nan hannun kimfin da ya lanƙwashe ko ya tsage, da mahaɗin sanda da ya cinye, canja su ake yi. Ka duba lungun da sandar taya ta haɗu da kimfin, nan ne tsaga take fara fitowa, siririya kamar gashi.

Ana fitar da tsohon bushi da dogon ƙarfe daga ɗaya bakin bututun, ana bugunsa kewaye da kewaye. Sabon kuwa ba a dukansa kai tsaye. Hanya mafi sauƙi ita ce a sami dogon ƙarfe mai zare da manyan washa biyu da noti, a zura shi cikin bututun, a riƙa ɗaure notin har bushi ya shige a miƙe. Idan bushin yana da huda ko tsagi na giris, ka tabbata ya fuskanci inda giris yake shigowa, in ba haka ba za ka yi ta bugun giris yana tsayawa a waje.

Ga wani abu da yake ruɗar mutane da yawa. Bushi yakan ɗan tsuke bayan an matsa shi cikin bututu, sai kimfin ya ƙi shiga. A nan ne wasu suke ɗauko zarto ko takardar yashi su yi ta gugar cikinsa, wasu kuma su kora kimfin da guduma. Na farko ya ɓata sabon bushi tun bai fara aiki ba, na biyu kuma zai sami sitiyari mai tauri kamar an ɗaure shi da igiya. Abin da ya dace shi ne a kai aksul ɗin wurin masu injin sassaƙar ƙarfe su share cikin bushin da abin shara na musamman, mai tsawon da zai ratsa na sama da na ƙasa a layi ɗaya. Idan an yi daidai, kimfin zai shiga da turin hannu, ya juya ba tauri, ba kuma girgiɗi.

Wajen mayarwa, boris ɗin gindi yana shiga ne da rufaffen gefensa a sama, domin ruwa da ƙasa su zube ta gefe maimakon su taru a cikinsa. Ka sa sabon abin tare ƙura a sama. Ka tokare kimfin daga ƙasa da jak ya hau sosai kafin ka ɗaure hannun sama, yadda ba za a bar rata ba. Ɗan makullin ƙarfe kuma a sa sabo, kuɗinsa kaɗan ne.

Boris ɗin taya da fin ɗin tsakiya

Boris biyu ne a cikin hab, na ciki babba, na waje ƙarami. Ka wanke su da kananzir ka duba. Idan ka ga ƙananan ramuka, ko launinsu ya koma shuɗi saboda zafi, ka canja su tare da zoben da suke gudu a kai, domin sabon boris a kan tsohon zobe ba ya daɗewa. Ka cusa giris da tafin hannu har ya ɓullo ta ɗaya gefen, ka sa sabon sil a baya. Wajen ɗauri, ka riƙa juya taya kana ɗaure notin har ka ji ta fara nauyi, sannan ka sassauto shi kaɗan zuwa tsagin farko da ya yi daidai da hudar sanda, ka zura sabuwar ƙusa mai baki biyu ka buɗe bakinta. Ƙusar kafinta ba ta maye gurbin wannan.

Fin ɗin tsakiya aikinsa ya fi nauyi, domin sai an sauke aksul, a wasu taraktocin ma sai an cire lagireto. Idan ramin da fin yake zama ya zama kamar ƙwai, sai an kai shi an gyara ramin kafin a sa sabon bushi.

Akwatin sitiyari

Sai ka gama duk abin da ke sama sannan ka waiwayi akwatin, domin yanzu ne za ka san nasa laifin. A cikinsa akwai sanda mai zare kamar na dunƙulen sukuru, da wani babban noti da yake hawa da sauka a kanta bisa ƙananan ƙwallayen ƙarfe. Ka fara da duba mai. Sau da yawa za ka tarar babu ko ɗigo, ko kuwa ruwan sama ya bi ta ƙarƙashin sitiyari ya shiga ya zama laka mai tsatsa, musamman a taraktar da take kwana a fili. Idan sitiyari yana ɗagowa sama yana komawa yayin da kake juya shi, boris ɗin saman sandar ne ya saki, kuma ana iya ɗaure shi ba tare da an buɗe akwatin ba.

Idan ya zama dole a buɗe, ka shimfiɗa farin ƙyalle a ƙasa, ka ƙirga ƙwallayen, ka adana siraran washa na daidaitawa yadda ka same su. A mai sanda biyu, akwai haƙoran giya da suka haɗa hannun dama da na hagu. Ka sa musu alama kafin ka raba su, domin kuskuren haƙori ɗaya zai sa taraktar ta riƙa juyawa gefe ɗaya fiye da ɗayan.

Ka kiyaye da ɗauri. Zaren ya fi cinyewa a tsakiya, inda sitiyari yake yini yana wasa. Idan ka ɗaure har wasan tsakiya ya ɓace ƙaf, zai cije a ƙarshen dama da hagu, wato daidai lokacin da kake juyawa a bakin gona. Bayan kowane ɗauri ka juya sitiyari daga ƙarshe zuwa ƙarshe, tayoyi suna sama, ka tabbata babu inda ya yi tauri. Ka cika akwatin da man giya mai kauri ko wanda littafin taraktar ya ambata. Masu cika shi da giris don gudun yoyo su sani cewa giris yana komawa gefe ya bar ƙwallayen a bushe. Maganin yoyo sabon sil ne.

Daidaita bakin tayoyi

Aikin bai kammala ba sai an auna wannan. Tayoyin gaba ba a miƙe sak suke ba, gabansu yana ɗan tsukewa ciki da kimanin milimita 3, wato kashi ɗaya cikin takwas na inci. Ka sauke taraktar ƙasa, ka daidaita iskar tayoyin biyu. Ka juya sitiyari daga ƙarshe zuwa ƙarshe kana ƙirga zagaye, ka dawo da shi rabin adadin, nan ne tsakiya. Ka sa alama da alli a tsakiyar kowace taya ta gaba, daidai tsayin hab, ka auna tsakanin alamun biyu. Sannan a tura taraktar gaba har alamun su koma baya a wannan tsayin, ka sake aunawa. Awon gaba ya kamata ya gaza na baya da milimita 3 ɗin nan. A taraktar da ke da sandar sitiyari ɗaya, sandar da ta haɗa tayoyin biyu, wato tayarod, ita ake juyawa. A mai sanda biyu kuwa sai a raba gyaran daidai tsakanin sandunan biyu, in ba haka ba sitiyari zai karkace.

Kada ka raina wannan awo. Idan tsukewar ta wuce ƙa'ida da santimita 1 kacal, kowace taya tana jan jiki a kaikaice kusan mita 7 a cikin kowace kilomita. A kan kwalta wannan yana cinye gefen sabuwar taya tun ba ta ga damina ta biyu ba. Duk lokacin da ka buɗa ko ka tsuke faɗin ƙafafun gaba, misali zuwa inci 60 domin bin kunyoyi masu tazarar santimita 75, ka sake wannan awo.

Daga nan ka gwada taraktar a fili, a giya ta ƙasa, ba tirela, ka juya dama da hagu har ƙarshe. Bayan aikin yini ɗaya ka sake bin notocin duka da sifana, har da na wili, domin sababbin kaya sukan zauna su saki kaɗan. Kimfin yana son giris bayan kowace awa 10 ta aiki, kullum ke nan a lokacin haro da huɗa, kuma ya fi shiga idan an ɗaga gaban taraktar nauyi ya sauka daga kan boris ɗin gindi. Ka goge bakin shan giris kafin ka buga, musamman da hunturu, domin ƙura idan ta cakuɗe da giris takan zama kamar dutsen wasa wuƙa. Wanda yake aiki a fadamar shinkafa, inda hab yake nutsewa cikin ruwa, ya buɗe boris ɗin tayoyin a ƙarshen kowace damina ya sake musu giris. Ka kuma gargaɗi direbanka ya daina murɗa sitiyari taraktar tana tsaye cik, ya bar tsallaka kunyoyi a guje.